Yadda mai babur zai gano matsalar abin hawansa kafin a kai ga sauke inji

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ayyana janye tallafin man fetur, lissafin zirga-zirga ya sauya a gidaje da dama. Litar man da ake saya ƙasa da Naira 200 ta kai Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa Naira 1,000 a garuruwa masu yawa. Ma'aikata da 'yan kasuwa da dama sun jingine motocinsu sun koma kan babur, wasu kuma da a da suke hawan haya sun tattara abin da ke hannunsu sun sayi nasu. Ga irin waɗannan mutane, ranar da babur ya ƙi tashi rana ce ta makara a ofis, ko ta buɗe shago bayan masu saye sun wuce.

Da wuya babur ya lalace farat ɗaya. Kafin ya tsaya yakan yi kwanaki yana ba da alama ta hanyar ƙara, ko hayaƙi, ko yawan shan mai. Haka kuma mafi yawan abubuwan da ke tsayar da shi ƙanana ne masu sauƙin kuɗi. Asarar tana zuwa ne idan an yi biris da alamar, ko kuma aka fara bincike daga abu mai tsada alhali ba a duba mai araha ba. Mai babur da ya san jerin abin da ake dubawa, ɗaya bayan ɗaya, zai iya magance wasu matsalolin da kansa, waɗanda suka fi ƙarfinsa kuma zai je wurin bakanike da sanin abin da ya kai shi.

Idan babur ya ƙi tashi

Kowane injin fetur yana buƙatar abubuwa huɗu kafin ya tashi: mai, da wuta, da iska, da kuma matsi a cikin silinda. A wannan jeri ya kamata a bi su, domin shi ne jerin da ya tashi daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

A fara da mai. A buɗe tanki a gani da ido, kada a dogara da allurar geji. A duba makunnin mai da ke ƙasan tanki, ko yana buɗe, ko kuma lokaci ya yi da za a mayar da shi rizab. Idan an zare tiyon da ke kai mai zuwa kafireto aka ga ba ya zubowa sosai, to akwai datti a hanya. Wani lokacin 'yar ƙofar shan iska da ke jikin murfin tanki ce ta toshe. Alamar wannan ita ce babur ya mutu bayan 'yar tafiya, amma da an buɗe murfin sai ya sake tashi.

Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka duk ruwan da ya shiga tanki yakan gangara ya kwanta a gindin kafireto. A nan akwai wani ɗan noti da ake kwancewa a tsiyaye abin da ya taru. Idan aka tara shi a kwalba mai haske, za a ga ruwan ya ware a ƙasa. Wannan ya fi samun masu sayen mai a jarka wurin 'yan bumburutu, ko da yake gurɓataccen mai yakan iso har gidajen mai, kamar yadda aka gani a watan Fabrairun 2022 lokacin da hukumomi suka tabbatar da shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima.

Idan mai yana zuwa, sai a koma kan wuta. A kwance fulogi, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin da aka ciro shi, sannan a taka kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi yana nuna wuta lafiya lau take. Idan babu tartsatsi, ko ya fito ja-ja mai rauni, a gwada sabon fulogi tukuna. Sai idan shi ma bai ba da wuta ba ne za a fara zargin hular fulogin, ko kwayil, ko akwatin wutar da ake kira CDI. Yayin wannan gwaji kada a riƙe ƙarfen da hannu, kuma kada a yi shi kusa da fetur da ya zube.

Matsi kuwa ƙafa ce take gane shi. Kik ɗin inji mai lafiya yana da tauri. Idan ya koma yana faɗawa ƙasa babu turjiya, ana iya samun bawul ya matse ko ringin fistin ya cinye. Saitin bawul ƙaramin aiki ne da ake yi idan inji ya huce, kuma ratar da ake bari ba ta wuce kaurin takarda ba. Ya kamata a yi shi a ga sakamako kafin a amince da maganar sauke inji.

Abin da fulogi da hayaƙi ke nunawa

Bakin fulogi yana ba da labarin abin da ke faruwa a cikin inji. Idan ya fito ruwan ƙasa mai haske, to mai da iska suna haɗuwa daidai. Baƙi busasshe mai kama da kunkunniya yana nuna fetur ya yi wa iska yawa, kuma galibi matatar iska ce ta toshe, ko an manta cok a ja. Baƙi mai maiƙo yana nuna bakin mai yana haurawa inda ake ƙona fetur. Fari fat kuwa alama ce ta ƙarancin fetur da zafin da ya wuce kima, wanda idan aka bar shi yakan ƙona bawul ko ya huda fistin. Don haka masu sa a matse kafireto ƙwarai domin rage shan mai su sani cewa abin da suka tara a gidan mai suna iya mayar da shi ninki a gareji.

Game da hayaƙi, sai an san irin injin. Akwai mai bugu biyu, irin su Suzuki AX100 da Jincheng ɗin da aka ƙera a kan fasalinsa, wanda yake ƙona man 2T tare da fetur. Ɗan hayaƙi shuɗi a salansarsa ba laifi ba ne, haɗarinsa shi ne man 2T ɗin ya ƙare ba a sani ba, inji ya ƙame. Akwai kuma mai bugu huɗu, irin su Bajaj Boxer da yawancin baburan da ake sayarwa yanzu, wanda bakin mansa yake zaune a gindin inji. Idan irin wannan ya fara hayaƙi shuɗi, yana shan bakin mai ke nan, kuma wajibi ne a riƙa duba ma'auninsa kullum har a gyara. Baƙin hayaƙi fetur ne da bai ƙone duka ba. Farin tururin da ake gani da sanyin safiya, wanda yake ɓacewa idan inji ya ɗumama, ba matsala ba ne.

Bakin mai da juye

Yawancin baburanmu ba su da lagireto, iska ce da bakin mai suke sanyaya su. Abin da injin ƙaramin babur yake ɗauka bai wuce kimanin lita ɗaya ba, kuma wannan litar ce take yi wa fistin da giya da kuloci hidima gaba ɗaya. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano, ga kuma cunkoson da ke hana iska bugun inji, man yakan tsinke da wuri.

Littafin da kamfani yake bayarwa tare da sabon babur ya faɗi nisan da za a yi kafin juye, da irin man da ya dace. Wasu injinan 20W-50 suke so, wasu 10W-30. A yanayi irin namu mai ƙura da zafi, yin juye bayan kowace kilomita 2,000 ba ɓarna ba ce, kuma juyen farko na sabon babur yana zuwa tun bai kai kilomita 1,000 ba, domin fitar da ɓurɓushin ƙarfe. Ma'aikacin da tafiyarsa ba ta wuce gida zuwa ofis ba kada ya jira sai lissafin kilomita ya cika, domin gajeruwar tafiya ba ta barin mai ya yi zafin da zai kori danshin da ke taruwa a cikinsa. Gara ya ɗaura wa kansa wa'adin wata uku.

A nemi man da aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin robarsa. Wannan shaida ce cewa an yi shi domin injin da kulocinsa yake jiƙe a cikin mai. Wasu mayukan mota suna da sinadaran ƙara santsi da suke sa kulocin babur zamewa. Man awo da ake sayarwa a buɗaɗɗiyar kwalba kuwa babu mai iya tabbatar da asalinsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma bambancin kuɗin man kirki da na bakin hanya bai kai ko kusa da kuɗin fistin da ringi ba.

Ana duba mai ne idan an kafe babur a miƙe a wuri mai daidaito, bayan inji ya ɗan huta. Cika shi fiye da alamar sama ma illa ne. Haka nan a riƙa kankare taɓon da ke maƙalewa a tsakanin haƙarƙarin inji, domin ta nan zafi yake fita. Kada kuma a watsa wa inji ruwan sanyi yana tsakiyar zafi.

Ƙurar hunturu da matatar iska

Kafin inji ya ƙona litar fetur ɗaya, sai ya shaƙi iskar da ta kai kimanin lita 9,000. Duk wanda ya ga yadda ƙura take kwanciya a kan kujerar babur cikin dare ɗaya tsakanin Disamba da Fabrairu zai fahimci aikin da matatar iska take yi. Idan ta toshe, babur yakan rasa ƙarfi, ya ƙara shan mai, ya baƙanta fulogi.

Matatar soso ana wanke ta da kalanzir, a matse ta a tafin hannu ba tare da murɗawa ba, a bar ta ta bushe, sannan a ɗan shafa mata bakin mai a sake matsewa. Wannan maiƙon ne yake kama ƙura. Ta takarda kuwa ba a wanke ta, sauya ta ake yi. A lokacin hunturu, ko ga mai bin hanyar da ba kwalta, duba ta kowane mako biyu ya dace. Wasu sukan cire ta gaba ɗaya ko su huda ta da sunan ƙara wa babur gudu. Abin da hakan yake jawowa shi ne yashi ya shiga silinda kai-tsaye ya riƙa goge ta, kuma cikin 'yan watanni sai hayaƙi shuɗi ya biyo baya.

Sarƙa da kuloci

Sarƙar babur, wadda aka fi sani da cen, tana buƙatar ɗan sassauci. Idan an taɓa ta a tsakiya daga ƙasa, ya kamata ta motsa sama da ƙasa kimanin santimita 2 zuwa 3. In ta saki da yawa takan yi ƙara ta kuma iya gocewa ana cikin gudu ta ƙulle tayar baya. In an ɗaure ta tamau kuma takan ci boris da haƙoran da take hawa. Wajen ɗaurewa a tabbatar alamomin gefen dama da na hagu sun yi daidai, in ba haka ba taya za ta karkace. A sa mata mai kusan kowace kilomita 500, da kuma bayan an bi ta cikin ruwa.

Idan haƙoran faifan da take hawa suka yi tsini suka lanƙwashe, a sauya sarƙar tare da faifan gaba da na baya a lokaci guda, domin tsohon faifai yana cinye sabuwar sarƙa cikin ƙanƙanin lokaci. Murfin sarƙa kuma a bar shi a wurinsa. Baya ga tare ƙura, shi ne yake hana bakin babbar riga ko hijabi ko mayafi shiga cikinta, abin da ya sha jefar da mutane daga kan babur.

Alamar zamewar kuloci ita ce a murɗa totur inji ya yi kuka, amma gudu bai ƙaru ba, musamman a hawa ko da kaya. Kafin a sayi sababbin faifan kuloci, a duba wayarsa. Dole hannun kuloci ya kasance yana da ɗan wasa kafin ya fara ja, idan babu shi kamar ana tafiya ne da kuloci a ɗan matse. Idan wasan ya yi yawa kuma, giya takan yi wuyar shiga, furi ya yi wuyar samu. Duka biyun da ɗan notin da ke jikin wayar ake daidaita su.

Birki da taya

Sauran matsalolin aljihu suke taɓawa, waɗannan biyun kuwa rai suke taɓawa. Mutane da yawa sun dogara da birkin baya kaɗai, har wasu sukan bar na gaba a lalace saboda tsoron kifewa. Alhali idan an taka birki nauyin babur gaba yake komawa, saboda haka birkin gaba ne yake da kaso mafi tsoka na ƙarfin tsayawa. Abin da ake so shi ne a kama su tare, a hankali, ba da fizga ba. A jikin birkin ganga na yawancin babura akwai 'yar kibiya. Idan an matsa birki ta kai kan alamar da ke gefenta, takalman birkin sun ƙare, ƙarin ɗaure noti ba zai dawo da su ba. Mai birkin faifai kuma ya lura da mansa, a sauya shi kimanin duk shekara biyu.

Iskar taya da geji ake auna ta, kuma da safe kafin taya ta ɗauki zafi. Latsawa da yatsa ba awo ba ne. A yawancin ƙananan babura ana sa kimanin 25 a gaba, 28 a baya, a ƙara ta baya zuwa 32 idan za a yi goyo, amma a bi abin da aka rubuta a littafi ko a jikin babur. Taya mai ƙarancin iska tana ƙara shan mai, tana zafi, tana kuma saurin yin faci. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin ƙera ta: 2423, alal misali, yana nufin mako na 24 na shekarar 2023. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, ko da zanenta bai goge ba. Idan babur yana rawa a kan hanya mai kyau, a duba sifok ɗin da suka saki da boris ɗin wili.

'Yan kasuwa masu ɗora kaya su tuna cewa an ƙera ƙaramin babur ne domin mutum biyu da ɗan kaya kaɗan. Buhu biyu masu kilo 50 tare da direba sun riga sun kai shi iyaka. Abin da ya wuce haka yana ƙara nisan da birki zai ɗauka kafin ya tsayar da shi.

Batir da wayoyi

Idan an danna sitata aka ji ƙas-ƙas kawai, a fara duba kan batir. Farin gari da ke taruwa a wurin ko notin da ya saki sun isa su hana wuta wucewa. Cikakken batir mai bolt 12 yakan nuna kimanin 12.6 a na'urar awo, idan inji yana aiki kuma ya hau zuwa kusan 14. Idan bai hau ba, matsalar daga caji take, kuma sabon batir ma zai mutu. Yawan ƙonewar ƙwan fitila yana nuna na'urar daidaita wuta ta lalace. Batir mai ruwa kuwa, tataccen ruwan batir ake ƙara masa idan ya ja baya, ban da asid ko ruwan famfo.

Fiyus da ya ƙone ya yi aikinsa ne na kare wayoyi. Masu maye gurbinsa da zaren waya ko takardar kwalin sigari suna buɗe ƙofar gobara. Ga masu kwana da babur a zaure ko cikin ɗaki, a rufe makunnin mai kowane dare, kuma kada a tayar da inji a rufaffen wuri, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke kisa.

Lokacin damina

Idan babur ya mutu a tsakiyar ruwa mai zurfi, kada a yi ƙoƙarin tayar da shi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kuma idan ya shiga silinda aka tilasta wa fistin, sandar da ke riƙe da shi takan lanƙwashe. A tura shi waje, a cire fulogi, a taka kik sau da yawa har ruwan ya fita, a busar da matatar iska, a tsiyaye kafireto. Idan bakin mai ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi, sai an yi juye nan take. Bayan ƙetare ruwa kuma birki yakan yi sanyi, don haka a riƙa ɗan kama shi ana tafiya a hankali har ya bushe.

Tsakanin mai babur da bakanike

Kanikawa nagari suna da yawa, kuma mai babur da ya iya bayani yana sauƙaƙa musu aiki. Maimakon a ce babur ba ya lafiya, a faɗi lokacin da abin yake faruwa: da sanyin safiya ne ko bayan ya yi zafi, a hawa ne ko a gangara, daga wane ɓangare ƙarar take fitowa. A yi cinikin aiki kafin a kwance noti. A nemi a sauya abu ɗaya a gwada kafin a wuce zuwa na biyu, kuma a karɓi tsohon kayan da aka cire. A manyan kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, abu ɗaya yakan zo hawa-hawa a inganci da farashi. A kan takalman birki da taya da bakin mai, a sayi mafi inganci da aljihu zai iya.

Wayar mita tana cikin abubuwan da aka fi bari a tsinke, alhali ita ce take faɗin lokacin juye da na sa wa sarƙa mai. A gyara ta, a ajiye ɗan littafi ana rubuta ranar kowane aiki da lambar da mita ta nuna da abin da aka kashe. A ƙarƙashin kujera kuma kada a rasa sabon fulogi da sifanarsa da fiyus guda. Sannan kowace safiya, kafin a sa hular kwano a hau, a duba bakin mai, a kama birkin gaba da na baya, a kalli tayoyi, a leƙa ƙasan inji ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Duka wannan ba ya cin minti biyar.